Kujerun Gaba na Jirgin Maiduguri

Abuja,
7 ga Afrilu.

Zuwa ga Babana, Malam Abdulsalami mai kujera,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Mama da duk mutanen Bolori. Yaya zafi? An ce mini Maiduguri ta fara gasa mutane tun da hantsi. Ni lafiya ƙalau nake, sai kewarku.

Na bi umarninka, na daina kiranka a waya. Tunda ka ce kunnenka ya yi nauyi, ina magana kana jin kamar ana zuba ruwa a bokiti, to ga takarda nan. Zan riƙa ba ma'aikatanmu na cikin jirgi su ajiye maka a teburin kamfaninmu na filin jirgi, kai ma ka riƙa kai taka can.

Baba, an ba ni babban aiki, kuma ban sani ba ko murna zan yi ko tsoro. Jirginmu na Gauraka da ke zuwa Maiduguri kullum ya tsufa daga ciki. Injinsa lafiya lau, amma kujerun gaba, na ajin manya da ake ce wa bizines, sun zama abin kunya. Soson ya mutu, fatar ta tsattsage. A bara wani kamfani ya shigo hanyar da jirgi mai sababbin kujeru farare tas, ya kwashe mana manyan fasinjoji. Kujera goma sha biyu gare mu a gaba, yanzu da ƙyar ake cika uku, alhali su ne ke riƙe da tafiyar.

Shugabanmu, Oga Dzarma, mutumin Biu ne, ba ya son a ce a hannunsa aka daina zuwa Borno. Ya roƙi masu kamfanin su ba shi zuwa ƙarshen shekara. Za a sabunta kujerun gaba, kuma ni aka ɗora a kan aikin. In sun cika, shi ke nan. In ba su cika ba, za a rufe hanyar Maiduguri, a rufe teburina tare da ita. Haka ya faɗa mini ido da ido, bai ɓoye ba.

Ba mu da ƙarfin sayen sababbin kujeru ɗungurungum. Ƙarfen kujerar zai zauna yadda yake, soso da fata da majinginin kai za a canja. Wani kamfanin ƙasar waje da ke wannan aikin ya aiko mana da littafin hotuna, na zaɓi ɗaya, ga hoton nan na haɗo maka. Ita ma fara ce, har ta fi ta abokan gasarmu kyau. Na san za ka so ka gani, tunda shekara talatin da biyar kana fama da kujerun mutane. Ka sa mini albarka, ka sa ni a addu'a.

A gaishe da Mama, a gaishe da Baba Eugene na shagon soso.

'Yarka,
Rumaisa'u

*

Bolori, Maiduguri,
12 ga Afrilu.

Zuwa ga 'yata Rumaisa'u,

Wa alaikumus salam. Wushe, in ji mutanen Borno, sannu da aiki, injiniyar gidanmu. Muna lafiya, uwarki tana gaishe ki, ta ce kin rame a hoton Sallah, ni kuma na ce hoton ne ya rame. Zafi kam ana shan sa. Albarka na sa miki tun ba ki tambaya ba.

Hoton kujera na gan shi. Na sa tabarau na dube shi, na cire na sake dubawa. Kujera ta yi kyau, wanda ya yi ta ya san aiki. Amma wane ne wannan da suka zaunar a kai? Wani siririn Bature da 'yar kwat, kai ba hula. Shi za ki ɗauko daga Abuja ki kawo Maiduguri?

Kin sha ganina ina korar mutum in ya zo awon kujerar falo da 'yar shara, har kina cewa ina korar kasuwa. Abin da nake ce musu ke nan, ka je ka dawo ranar Juma'a bayan an sauko, da kayan da ke jikinka. Mutum ba da jikinsa kaɗai yake zama ba, da rigarsa yake zama. Rabin falukan GRA ni na yi musu kujeru, kuma ban taɓa auna ɗaya ba sai mai gidan yana cikin babbar riga.

To saurara. Wannan majinginin kai da ya turo gaba kamar kumburi, daidai ƙeyar hula zai sauka. Hular mutanen nan, zanna ce ko dara, tana da tsawo kuma tana da baya. Da mutum ya jingina, hula ta zamo ta rufe masa ido. Kuma kin san babban mutum a garin nan gara ya yi tafiyar a tsaye da ya zauna kai ba hula a gaban jama'a. Na biyu, fatar nan mai sheƙi santsi ne da ita. Shadda ta sha sitati ta sha bugu, in ta hau irin wannan fatar, mutum zamewa zai yi ta yi yana gyara zama har a sauka. Na uku, fara! Wa ya ce miki fara? Rinanniyar shadda ta haɗu da gumin Afrilu, wata uku kujerar nan ta zama shuɗiya. Ga lallen mata, ga humra da ke kama fata ba ta saki. Ki nemi kalar ƙasa ko ta kunkumadi.

Akwai kuma ɗinkin da na gani a gefen mazaunin, ya fito da baki. Nan bakin riga zai maƙale, nan lafayar Hajiya za ta kama. Ranar da kujerarki ta yage wa wani aikin wuya na wata shida, kin rasa shi, kin rasa duk wanda ke cin abinci a zaurensa.

Ni dai ban taɓa shiga jirgi ba, kuma ban yi karatunki ba. Wataƙila a sama mutane daban suke zama. Ki shiga ki duba da idonki, kada ki ɗauki maganar tsohon kurma.

Allah ya yi miki jagora. Naki,
Abdulsalami

*

Abuja,
23 ga Afrilu.

Baba,

Assalamu alaikum, ina gaisuwa. Da fatan Mama ta warke daga murar da na ji tana yi.

Gaskiya da na karanta wasiƙarka sai da raina ya ɗan sosu. Sati biyu na yi ina zaɓen kujerar nan, kai ka rushe ta da shafi ɗaya. Amma na yi abin da ka ce. Ranar Talata na sayi tikiti da kuɗina na shiga jirgin abokan gasarmu, na zauna a layin ƙarshe na ajin manya, ban yi komai ba sai kallo. Ka yafe mini ban ƙaraso gida ba, a jirgin na juyo.

Baba, na ji kunya. Mutum tara ne a gabana. Huɗu sun cire hula sun ɗora a gwiwa, fuskokinsu a murtuke kamar an yi musu fashi. Wani dattijo ya ƙi cirewa, ya yi awa ɗaya da minti ashirin a tanƙware, bayansa bai taɓa kujera ba. Wani kuma barci ya ɗauke shi, hular ta gangaro har ƙafar ma'aikaciyar jirgi, ta ɗauko ta miƙa masa kowa na kallo. Fararen kujerun nan da nake jin tsoro kuwa, duk sun yi shuɗi-shuɗi a daidai kafaɗa. Shekara shida ina aikin jirgi, kullum ina ganin wannan, ban taɓa lura ba.

Na faɗa wa Oga Dzarma. Da farko dariya ya yi, ya ce yanzu sai an yi wa hula kujera? Daga baya ya ce shi kansa ya daina sa hula in zai yi tafiya, bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Ya ce in dakatar da waccan farar, in kawo masa wata shawara kafin ƙarshen Yuni.

Ga zanen kujerar nan gaba ɗaya, da awon kowane gefe. Don Allah ka duba ka gaya mini inci nawa za a sauke majinginin, inci nawa za a rage kaurinsa, kuma ina ya kamata ɗinki ya bi. Lambobi kawai nake so, in tura wa masu aikin.

'Yarka mai biyayya, in ban da taurin kai,
Rumaisa'u

*

Bolori,
5 ga Mayu.

Rumaisa'u,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, uwarki ta warke har ta koma faɗa.

Zane ya iso. Sun iya zane, ba laifi. Lambobi kike so, amma lamba ba ta zama a kujera. Ki ba ni sati uku, kada ki tambaye ni komai, kada kuma ki sa uwarki ta yi miki leƙen asiri. Ki kwantar da hankalinki, aikin nan ya zo gidansa.

Aiki ya yi mini yawa, shi ya sa takardar ta yi gajarta.

Babanki

*

Kasuwar Monde, Maiduguri,
20 ga Mayu.

Rumaisa'u 'yata,

Yaya aiki, yaya Abuja? Ni ne Eugene, mai soso. Ki yi haƙuri da rubutuna, Hausata ta baki ce, a kasuwa na koye ta, ban saba sa ta a takarda ba. Matata Nnenna tana gaishe ki, ta ce har yanzu ba ki zo kin sha miyar ofe ɗin da ta yi miki alkawari ba.

Babanki bai san na rubuta wannan ba. In ya sani zai daina yi mini magana kwana uku, na huɗu ya zo shan shayi kamar ba a yi komai ba. Shekara ashirin da takwas haka muke.

Ga abin da ke faruwa. Tun da zanenki ya zo, ya rufe shagonsa ga kowa. Wani mutum ya kawo aikin kujerun amarya saiti biyu, ya ce masa ya kai wani wuri. Ya zo wurina ya zazzage mini shago, ya danna wannan soso, ya zauna a kan wancan, ya ce duk na banza ne, sannan ya ɗauki mafi kyau. Ya je har wurin masu jima ya zaɓo fata kalar ƙasa. Ya sa kafinta ya yi masa ƙwarangwal ɗin kujerar jirgi da katako, daidai da awonki. Ranar Juma'a biyu a jere yana tare mutane a ƙofar shago in an sauko daga masallaci, yana zaunar da su a kai. Har ni ya sa wa babbar riga da hula ya zaunar, wai ƙeyata irin ta manya ce. Duk Bolori sun san Malam Abdulsalami yana yi wa jirgin sama kujeru.

Rumaisa'u, ya ɗinka goma sha biyu. Riga da soso da majingini, kowace kujera cikakkiya. Ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyan wannan ba, kuma na ga aikinsa da yawa. Tun da kunnensa ya yi nauyi ban ga yana fara'a haka ba.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ni mai soso ne. Na taɓa jin cewa ba kowane soso ake sa wa a jirgi ba, akwai doka. Na faɗa masa, ya yi kamar bai ji ba, kuma kin san wani lokacin da gangan yake ƙin ji. In gaskiya ne, gara ki sani tun kafin kayan su iso, ki shirya abin da za ki faɗa masa. Ranar Asabar zai kai su filin jirgi.

Allah ya taimake ki. Naki,
Eugene

*

Abuja,
3 ga Yuni.

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ina gaishe da Mama. Barkanmu da shirin Sallah.

Buhuna huɗu sun iso. A garejin jirage na kwance su, injiniyoyi suka bar aikinsu suka zagaye ni. Na ɗora ɗaya a kan ƙarfen tsohuwar kujera, ta zauna ɗas kamar a can aka haife ta. Wani tsohon injiniya ya bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa, ya tambaye ni wace ƙasa ce ta yi. Na ce masa Bolori. Na zauna a kai, Baba, na ji ƙanshin shagonka, sai da na shiga banɗaki na share hawaye.

Kwana tara na yi ina juya yadda zan rubuta maka sauran. Ka koya mini in aiki ya ɓaci a faɗa wa mai shi tun bai tambaya ba, don haka ga shi. Ba za a iya sa su a jirgi ba.

Doka ce, kuma ba ta kamfaninmu ba ce. Duk abin da zai shiga cikin jirgi, fata ne, soso ne, ko zare, sai an gwada shi da wuta. Ana yanko ƙyalle a rataye, a kunna masa harshen wuta daƙiƙa goma sha biyu, a janye. Dole ya mutu da kansa nan take. Dalili kuwa, in wuta ta tashi a sama, babu ƙofar da za a buɗe a gudu. Ban tsaya a kan doka kawai ba, don ina ta fatan ko za a dace. Na yanki kaɗan daga cikin rigar kujera ɗaya da sosonta, inda ba a gani, na kai ɗakin gwaji da kaina. Fatar ta yi ƙoƙari. Soson kuwa ya kama, ya yi ta ci yana ɗiga har ya ƙare.

Laifina ne. Da na aiko maka da zane ban gaya maka wannan ba, alhali na san halinka, ba a nuna maka kujera ka zauna da hannu biyu. Na ji an ce ka mayar da ayyuka saboda ni. Abin ya tsaya mini a rai, ka yafe mini.

Saura mini sati huɗu in kai wa Oga Dzarma shawara, kuma ba ni da komai a hannu sai kayan da ba zan iya amfani da su ba. Ban san abin da zan yi ba. Amma wannan damuwata ce, ba taka ba. Abin da nake so daga gare ka shi ne ka rubuto, ko da faɗa ne.

'Yarka,
Rumaisa'u

*

Bolori,
21 ga Yuni.

Zuwa ga Rumaisa'u,

Wa alaikumus salam. An yi Sallah lafiya, namanki yana nan uwarki ta soya ta ajiye, za a ba 'yan jirginku in ba za su cinye a hanya ba.

Kin ce ko faɗa ne in rubuto. To na yi fushi. Ba zan ɓoye miki ba, kwana goma ban buɗe shago ba. Duk wanda na zaunar a kujerar katakon nan, in ya gan ni sai ya ɗaga hannu ya nuna sama yana murmushi, ni kuma in rasa inda zan sa fuskata. Na kuma gane wanda ya kai miki rahoto, don mutum ɗaya ne a garin nan ba ya iya riƙe magana. Kwana biyar na yi ban yi masa magana ba, ba uku ba.

Ranar Laraba na ce bari in ga ƙaryar 'yan boko. Na ɗauki ragowar soson na je bayan shago, na kira Eugene ya riƙe agogo, na ƙyasta ashana. Rumaisa'u, ko daƙiƙa biyar ba a yi ba. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, muka yi ta tari, mai shayi ya taho da bokiti a guje. Na tsaya ina kallon abin, sai na tuna ke ma kina shiga jirgin nan. Shekara talatin da biyar ina zaunar da mutane a kan wannan abin, ban taɓa tambayar yadda yake da wuta ba. Na ce wa Eugene sosonsa ne na banza, ya ce ai ni na zaɓa da hannuna. Gaskiyarsa.

Kin yi daidai da kika ƙi. Da kin sa su don kunyata, da ban yafe miki ba.

Yanzu ki share hawaye ki ji. Kin ce ba ki da komai a hannu. Ƙarya ne, kina da goma sha biyu. Ki ɗauki guda ɗaya, mafi kyau, ki samu reza ki farke ta. Ki bi ɗinki a hankali, kada ki yanki fata. Za ta rabu gida goma sha bakwai. Ki shimfiɗa kowane a kan kwali ki zana, ki sa lamba. Waɗannan su ne lambobin da kike nema, ni ban iya faɗarsu da baki ba. Za ki ga na sauke majinginin, na rarake tsakiyarsa inda ƙeyar hula ke zama. Za ki ga ɗinkin gefe na tura shi ƙasa ya ɓuya. Su yi da fatarsu da sosonsu mai jin maganar wuta, amma su bi yankana. Fatar kuma kada ta zama mai sheƙi.

Hannuna ba zai iya farke ta ba, shi ya sa na ce ke ki yi. Guda biyu ki riƙe ki gwada wa shugabanninku. Sauran ki maido mini, mai askin layinmu ya daɗe yana sa musu ido.

Allah ya ba da sa'a.
Babanki

*

Abuja,
29 ga Agusta.

Baba,

Assalamu alaikum, da fatan damina ta zo muku da sauƙi, ruwa bai shiga shago ba. Ka yi haƙuri da gajerun takardun da na yi ta aikowa wata biyun nan, yau ga cikakken labari.

Na farke ta. Yini guda na yi, ina yi ina ba ta haƙuri. Gida goma sha bakwai cif, kamar yadda ka ce.

Ranar da zan kai shawara, na aika wa duk wanda zai zo taron cewa ya zo da kayan da yake zuwa ɗaurin aure. Oga Dzarma ya ce wannan wane irin taro ne, na ce haka ake yi a gidanmu. A garejin jirage na jera kujera biyu, farar littafin hotuna da taka. Ɗaya daga cikin masu kamfanin, wani Alhaji da ba ya dariya, ya zauna a farar, ya jingina, hula ta sauko masa har hanci. Ba wanda ya yi ƙarfin halin yin dariya sai shi. Ya koma taka, ya jingina, ya miƙe ƙafa, ya naɗe ɗaya, ya lumshe ido. Muka yi ta jira. Da ya buɗe ido cewa ya yi, a ci gaba da taron, shi daga nan zai saurara.

Wakilin kamfanin ƙasar wajen ya so ya yi gardama, wai ba su taɓa rarake majingini haka ba. Na ba shi aron hula. Bayan nan ya karɓi kwalayen, ya ɗauki hoton kowane. An yi gwajin wuta da kayansu, an ci, hukuma ta sa hannu. Shekaranjiya aka gama ɗaura goma sha biyun a jirgi, kalar ƙasa, ba sheƙi. Ranar Litinin za su fara zuwa Maiduguri.

Kada ka ɗauka an gama. Abokan gasarmu sun rage kuɗin tikiti, kuma har yanzu jirginsu ya fi namu sabunta. Ba mu da kuɗin talla, sai abin da fasinja ya faɗa wa fasinja. Wata huɗu suka rage. Amma ko yaya ta kaya, na yi aikin da ba na jin kunyarsa, kuma rabona da jin daɗin aiki haka har na manta.

Na tanadar maka kujera ta ɗaya kai da Mama, duk ranar da ka shirya. Na san amsarka, amma na faɗa.

A gaishe da Baba Eugene, a ce masa na gode.

'Yarka,
Rumaisa'u

*

Bolori,
16 ga Oktoba.

Rumaisa'u,

Sallama. Muna lafiya. Maganar shiga jirgi ki bar ta, uwarki ce ke so, ita za ki aiko wa.

Jiya da la'asar wata baƙar mota ta tsaya a ƙofar shago. Wani babban ɗan kasuwar nan garin Yerwa ne, Alhaji Mikail, ban taɓa yi masa aiki ba, kayan falonsa daga waje ake kawo masa. Ya zauna a benci yana ta magana, na ce ya ɗaga murya. Ya ce daga Abuja yake, kuma ransa a ɓace, don sau biyu ke nan yana neman kujerar gaba a Gauraka ana ce masa ta cika, sai da ya sa aka kama masa tun sati guda. Sannan ya ciro waya ya nuna mini hoton kujerar jirgin. Ya ce irin wannan yake so guda shida a falonsa, wai tun da yake bai taɓa zama a kujerar da ta san mutuncin mutum irinta ba.

Na karɓi wayar na sa tabarau. Na daɗe ina kallo, har ya ƙosa.

Ya ce, "Malam, in ba za ka iya ba ka faɗa mini. Aikin Turawa ne, ba kowa ke iya kwaikwayonsa ba."

Na ce masa zan gwada.

Sai da motarsa ta sha kwana na zauna a bencin. Daɗi ya cika ni har na kasa tashi in rufe shago. Allah ya yi miki albarka, 'yata.

Babanki,
Abdulsalami